Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Kwamfuta na Briketeri da Nkomkana



Zuwa ga 'ya'yana da ƙannena masu gyaran kwamfuta, waɗanda ke zaune a shagunan Briketeri da Nkomkana da Tsinga, da waɗanda ke saukowa kowace safiya zuwa Titin Kennedy neman halaliyarsu.

Ina so ku sani tun da farko cewa wanda ya rubuto muku wannan takarda ba ma'abucin sana'arku ba ne, dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zanen gine-gine da tawada da ma'auni a kan takarda mai shara-shara, har zamani ya juya, aka ɗauke masa allon zane aka ajiye masa kwamfuta a gabansa, ya koye ta da furfura a gemunsa, ya kuma zauna a bencin shagunanku sau da yawa yana kallon yadda kuke kwance ta kuna mayarwa. Abin da na gani a wannan zama, da wani al'amari da ya auku a gidanmu, su suka sa na ga ya wajaba in yi muku nasiha a kan mas'ala guda, wato yadda za a ɗauki tsohuwar kwamfutar tebur, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu aka loda su a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala, a ƙara mata ƙarfi da kuɗi kaɗan, har ta ɗauki aikin ɗalibin injiniya da rana, ta kuma ɗauki wasansa na ƙwallo da dare.

Ga abin da ya faru. Ɗan ƙanena, wanda ke karatu a Makarantar Politeknik da ke Melen, ya samu Dell OptiPlex 9020 mai dogon akwati daga wajen masu kayan gwanjo, da baret guda na RAM mai giga 4, da tsohon disiki mai juyawa. Da karatu ya yi nisa, aka fara ba su aikin AutoCAD da lissafin ginshiƙai, na'urar ta soma gazawa, sai mahaifiyarsa ta kwashi adashinta, jaka tamanin cur, ta damƙa masa. Ya tafi wani shago, wanda ba zan ambata ba, ya ce yana son ta yi sauri, ya kuma ƙara da cewa yana son ta ɗauki wasa. Mai shagon bai buɗe akwatin ya duba ba, bai tambaye shi wane aiki ke yi masa nauyi ba, kalmar wasa kaɗai ya riƙe. Ya sayar masa da katin hoto RX 580, da ya ga akwatin wutar na'urar ba shi da wayar da katin ke bukata, sai ya ɗauko 'yar mahaɗa ya jawo wuta daga wayar disiki. Kwana tara aka yi. A dare na goma ina ɗakina na ji ƙaurin roba, na fito na tarar da yaron tsaye riƙe da fitilar wayarsa, murfin akwatin a ƙasa, mahaɗar nan ta narke ta yi baƙi ta manne da wayar kamar ƙanzo a gindin tukunya, disikin kuwa da ke ɗauke da zanensa na wata uku bai sake juyawa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a cikin kwana taran nan ma AutoCAD bai ƙara saurin buɗewa ko da ƙiftawar ido ba, domin ciwon yana wani wuri, aka sa magani a wani wuri.

Saboda haka farkon abin da nake roƙonku shi ne ku ɗauki ɗabi'ar likita, wanda ba ya rubuta magani sai ya tambaya ya kuma taɓa jiki. Idan yaro ya shigo da na'urarsa, ku zaunar da shi, ku ce ya buɗe ainihin aikin da ke wahalar da shi a gabanku, ku kuma buɗe ma'aunin nan na Windows da ke nuna nauyin da kowace gaɓa take ɗauka. In kun ga disiki ya cika ɗari bisa ɗari alhali furosesa na hutawa, kun san inda ciwon yake. In RAM ce ta cika har na'ura ta koma tana aro daga disiki, wannan ma bayyananne ne. In kuwa sai an shiga wasa ko an juya gini mai fuska uku hoto ke tsinkewa, sa'an nan ne maganar kati ta taso. Wannan bincike ba ya cin minti goma, amma shi ne ke raba mai sana'a da mai talla.

Ku sani kuma bukatar injiniya da bukatar mai wasa, ko da yake a jikin mutum ɗaya suke zaune, ba hanyarsu ɗaya ba. AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk ya fara fitarwa tun 1982, mafi yawan aikinsa a kan ƙwaya ɗaya ta furosesa yake tafiya, don haka saurin ƙwayar ya fi yawansu amfani a gare shi, kuma zane mai fuska biyu ba ya neman wani babban kati. SolidWorks ma wajen ƙera siffa haka yake. Revit da ArchiCAD, idan gini ya yi girma, RAM suke ci kamar gara. Lissafin ƙarfin gini da na ƙarfe, irin wanda ake yi da manhajar Robot, shi ne ke jin daɗin ƙwayoyi da yawa da RAM mai yalwa. Kati mai ƙarfi kuwa sai ga mai wasa, da ɗalibin zanen gine-gine da ke fitar da hoton gida kamar na gaske da Lumion ko Twinmotion. Wanda ya fahimci wannan rabo ba zai ɗauki dukan kuɗin ɗalibi ya zuba a gaɓa ɗaya ba.

A ganina, a cikin na'urori goma da za a kawo muku daga gwanjo, mafi yawansu abin da suka fi bukata shi ne a cire musu disiki mai juyawa daga matsayin uban gida, a sa SSD a wurinsa. Tsohon disiki mai juyi 7200 a minti, in ya yi ƙoƙari, ya ba da mega ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, kuma duk sa'ad da aka nemi ƙananan fayiloli sai allurarsa ta yi ta kai da komowa tana nema. SSD kuwa a kan wayar SATA ta uku yana kaiwa wajen mega 550, ba shi da allura, ba shi da abin da ke juyawa, ba ya kuma jin girgizar da ke kashe disiki idan an ɗauko na'ura a bayan babur daga Mokolo zuwa Nkomkana. Na ga na'urar da ke cin minti uku kafin ta farka ta koma farkawa kafin mai ita ya gyara zama. Tsohon disikin kada a yar da shi: in kun duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo kun ga bai fara nuna rawaya ba, ku bar shi a ciki ya zama rumbu, ku kuma koya wa yaron ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wuri biyu, domin da an yi wa ɗan ƙanena wannan karatu da bai yi kuka ba.

Sai RAM. Giga 16 ita ce haddin da ɗalibin injiniya zai yi aiki cikin natsuwa a yau, giga 8 kuwa ta lalura ce. Ku sa baret biyu masu kama da juna maimakon guda ɗaya babba, domin hanya biyu ta fi hanya ɗaya saurin wucewa, ku kuma duba ramukan da suka dace da juna a kan katmer, wato babban allon da kowace gaɓa ke zaune a kai. Kun fi ni sanin cewa DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba, amma akwai tarkon da na ga ya kama masu wayo: baret ɗin manyan na'urorin sabar, masu rajista, waɗanda ke zuwa da araha mai jan hankali, ga su DDR3 ne a ido, amma kwamfutar ofis ba ta tashi da su. Bayan kun sa, ku bar MemTest86 ya zagaya ko sau ɗaya kafin na'ura ta bar shago, domin RAM mai aibi ba ta nuna kanta ran da aka saya, sai ran da yaro ya kai tsakiyar lissafi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wanda kuma na ga an fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato akwatin wuta, wanda kuke kira alim. Mutane ba sa son kashe kuɗi a kansa domin ba ya ƙara sauri, ba a kuma ganinsa a fuskar allo, alhali shi ne zuciyar da ke harba jini zuwa kowace gaɓa, in ya ɓaci kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan na'urori sun auna wutarsu daidai da aikin ofis: OptiPlex 9020 mai dogon akwati wat 290 gare shi, siririn 7010 kuwa wat 240, ba a kuma yi musu wayar katin hoto ba sam. Ramin PCIe da ke kan katmer iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. RX 580 kuwa, wanda AMD ta fitar a 2017, wajen wat 185 yake sha shi kaɗai. To, ku dubi wannan hisabi da idon basira: ta yaya siririyar wayar da aka yi domin ta ciyar da disiki za ta ɗauki abin da ya ninka ƙarfinta? Wanda ya sa irin wannan mahaɗa ya san abin da zai biyo baya, ko kuwa ya jahilci sana'arsa, kuma duka biyun ba uzuri ba ne. Hanya biyu ce kawai ta gaskiya. Ko dai a zaɓi katin da ke ƙoshi da wutar rami, kamar GTX 1050 Ti na 2016 ko GTX 1650 na 2019 irin waɗanda ba su da ramin ƙarin wuta, a kuma nemi gajeren samfurinsu in akwatin siriri ne. Ko kuwa a sauya alim ɗin gaba ɗaya da na kirki mai wat 450 ko 500 na gaskiya, a tuna cewa 9020 da 7020 da 3020 ba su da mahaɗar nan mai fil 24 da aka saba, tasu mai fil 8 ce ta Dell, sai an nemo mata waya ta musamman, HP ma tana da irin nata bambancin. Alim ɗin da aka rubuta wa wat 600 a jiki, amma in ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ku bar shi a inda kuka gan shi.

Kada kuma ku manta a Yawunde muke. Wutarmu mai bolt 220 tana ɗaukewa ta dawo ba sallama, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ga tsawar damina ta watan Satumba zuwa Nuwamba, ga gidajen haya da yawa a unguwanninmu da ba a ja musu wayar ƙasa ba. Idan kuɗin yaro bai kai ya sayi kati da ondula, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke, a lokaci guda ba, ni a wurina ondula ce gaba, kati ya jira wata mai zuwa. Ku bayyana masa kuma cewa lambar da ke jikinta ba wat ba ce: mai 650 VA abin da take ɗauka bai kai wat 400 ba, amfaninta kuma shi ne ta ba shi 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe na'ura, ba ya ci gaba da wasa a cikin duhu ba. Haka nan jar ƙurar rani, wadda ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, tana toshe fanka tana dafa furosesa. Sau da yawa na'urar da aka ce ta tsufa ba tsufa ta yi ba, numfashi ne ya gagare ta, da an busa ta an goge busasshen man da ke kan furosesa an shafa sabo kamar ƙwayar gero, sai ta dawo hayyacinta.

Furosesa ba zan daɗe a kansa ba. Daga i5 zuwa i7 na tsara ɗaya, kamar daga 4570 zuwa 4770, ana samun riba ga mai lissafi mai nauyi, amma ba ribar da za a fara da ita ba ce. Ku dai kula cewa shigar fil a rami ba ita ce yarda ba, domin OptiPlex 790 da 990 raminsu ɗaya da na tsara ta uku, amma ba sa karɓarta.

Kasuwar katin hoto ta gwanjo kuwa, a nan ne algus ya yi gida. Tun da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da kati a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu suka watsu a duniya, aka wanke wasu aka sake musu kwali, har suka iso gare mu. Ba duka ne matattu ba, akwai masu sauran rai da yawa, amma haƙƙin mai saye ne a gaya masa. Akwai kuma RX 580 mai lamba 2048SP, wanda sunansa ne kawai na 580, ƙarfinsa na ƙanensa 570 ne, domin cikakken yana da ƙwayoyi 2304. Mafi muni shi ne tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. GPU-Z yana tona asirinsa nan take, haka ma ganin ramin VGA mai shuɗi a bayansa ya isa ya sa mutum ya yi shakka. Ku gwada kowane kati a gaban mai saye, ku bar shi ya yi zafi na rabin sa'a, ku nuna masa ma'aunin zafin da idonsa. Ku 'ya'yan Musulmi ne, mafi yawanku kun zauna gaban malam a zaurukan Briketeri, kun ji abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ƙunsa a babin ciniki game da haramcin algus da ɓoye aibi, da haƙƙin mai saye na mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Kun kuma san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya tafi da shi shagonsa. Malaman da suka tsara wannan hukunci maɗinka da marina da maƙera suke nufi, irin kakanninmu da suka kafa wannan unguwa, amma ban ga ta inda mai gyaran kwamfuta zai fita daga cikinsa ba.

Amanar ba ta tsaya a ƙarfe ba. Disikin da aka miƙa muku yana ɗauke da hotunan iyali da takardun makaranta da wasiƙun da mai su bai nuna wa ko ɗan'uwansa ba, don haka kada a buɗe abin da gyara bai bukata ba, kada a kwafa, kada kuma a share disiki sai an tambayi mai shi sau biyu an kuma kwashe masa kayansa. Manhajojin sata da kuke loda wa yara kyauta, da yawansu da ƙwayar cuta suke zuwa, wadda ke cinye ƙarfin da aka sayo da kuɗin adashi. Alhali Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara kyauta in sun nuna shaidar makaranta, ga kuma FreeCAD da KiCad da QGIS da Blender waɗanda halal ne ga kowa.

Akwai kuma ranar da gaskiya za ta sa ku rasa ciniki, ita ce ranar da za ku ce wa mutum kada ya ƙara ko dala a kan wannan na'ura. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'idarta ba ta karɓar furosesan Intel da ya gabaci tsara ta takwas, tana kuma neman TPM 2.0; wasu sababbin wasanni da manhajoji ma suna neman umarnin AVX2, wanda tsara ta biyu da ta uku ba su da shi, sai daga ta huɗu. Ma'anar wannan ita ce na'urar 2011 ko 2012 tana da iyakar da ba a tsallakewa da kuɗi. In ɗalibi yana shekararsa ta ƙarshe, a sa masa SSD da RAM ya ƙarasa lafiya. In kuwa yanzu ya shiga, shekara biyar na gabansa, gara ya sayi abin da zai iya ƙaura da shi, wato SSD da alim na kirki da kati, ya tara sauran ya nemi OptiPlex ko EliteDesk na tsara ta takwas, ko katmer mai ramin AM4 da Ryzen 5 3600 ko 5600, wanda zai kai shi har bayan ya karɓi takardarsa. DDR3 kuwa ba ta bin mutum zuwa sabon gida, kada a tara ta fiye da bukata.

Game da wasa, na ji wasu dattawa tsarana suna cewa ɓata lokaci ne, bai kamata a taimaka wa yaro a kansa ba. Ni ban tafi a kan haka ba. Yaron da ya wuni a Melen yana fama da lissafi, ya dawo ya yi sallarsa, ya zauna da abokansa biyu a ɗaki suna buga eFootball ko FC, suna gardamar wa zai ɗauki Kamaru, na fi samun kwanciyar rai da shi a kan wanda ban san inda dare ya same shi ba. Abin da nake so kawai ku gaya masa gaskiyar abin da kuɗinsa zai saya: GTX 1650 zai ba shi ƙwallo da GTA V a 1080 cikin daɗi, amma sababbin wasanni masu nauyi sai ya rage musu ado, kuma in ya ji haka daga bakinku tun a shago ba zai dawo yana zarginku ba.

Na'urar ɗan ƙanen nawa tana nan ta tashi. Wani yaro daga cikinku, a wani ɗan shago kusa da masu tsire, shi ya karɓe ta, ya gwada katmer ya ga Allah Ya tsare ta, ya karɓi RX 580 ɗin ya musanya mana da GTX 1050 Ti da SSD da baret biyu masu giga 8, ya kuma nemo alim na asali daga wata matacciyar 9020, ya rubuta mana duk abin da ya sa da ranar da ya sa shi a bayan murfin akwatin. Zanen wata ukun nan dai bai dawo ba, sai da ɗan ƙanen nawa ya sake shi daga farko a cikin hutu. Tawa tsohuwar kuma ta fara mance kwanan wata duk sa'ad da aka ɗauke wuta, na san batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare. In Allah Ya kai mu Asabar, bayan Azahar, zan sa a ɗauko mini ita zuwa wurin mai shagon nan.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naku,
wani dattijo mai zanen gine-gine, daga Nkomkana.